"A yi masa aure zai natsu": me masu nazarin hali suka gano?

An taɓa yin wani zama a zauren gidanmu a kan wani ɗan baffana da ya kai shekara 27 bai taɓa riƙe sana'a ɗaya ta wata shida ba. An kai shi shagon atamfa ya gudo, an haɗa masa jari ya cinye, kullum sai rana ta take yake tashi. Da shawara ta zagayo kan Gwaggo, sai ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, maganin yaron nan guda ɗaya ne. A yi masa aure, zai natsu." Baffa babba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Hajiya, bar wahalar da kanki. Hali zanen dutse. Tun yana goye haka yake."

Su biyun ba su sani ba, amma gardamar da suka yi a tabarmar nan ita ce masana halayyar ɗan'adam suka fi shekara ɗari suna yi a Amurka da Turai. Kuma yanzu an tara hujjar da za a iya yi musu alƙalanci, domin akwai mutanen da aka bi rayuwarsu tun suna samari har suka yi furfura, ana auna su lokaci bayan lokaci.

Ra'ayin Baffa shi ya fara cin kasuwa. A 1890 William James, malami a Jami'ar Harvard, ya rubuta cewa yawancin mutane da sun kai shekara 30 halinsu ya daskare kamar filastar bango, ba ya ƙara laushi. Bayan kusan shekara ɗari Paul Costa da Robert McCrae, waɗanda suka yi ta auna manyan mutane a birnin Baltimore, suka ce sakamakonsu ya gaskata shi.

Da me ake auna hali? Da tambayoyi, waɗanda mutum ke amsawa a kan kansa, wani lokaci kuma a tambayi matarsa ko abokinsa ko malaminsa. Masanan sun lura cewa ɗimbin kalmomin da ake siffanta mutum da su suna taruwa gida biyar: son shiga jama'a da faran-faran, sauƙin kai da tausayi, tsari da himma da cika alkawari, saurin damuwa da tashin hankali, wanda kishiyarsa ita ce natsuwar zuciya, sai son sanin sabon abu. Kowa yana da rabonsa a kowane gida, wani da yawa wani kaɗan. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a waɗannan halaye gado ne, don haka mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe bai yi ƙarya ba.

Inda aka daɗe ana ruɗewa shi ne, tambayar "hali yana canzawa?" tambaya biyu ce a cikin riga ɗaya. A ɗauki jirgin ƙasa da ya tashi daga Kano zuwa Legas. Wanda ke taragon gaba yana gaban na taragon baya a Zariya, yana gabansa a Minna, yana gabansa har Ibadan. In ka dubi wannan kaɗai sai ka rantse ba wanda ya motsa. Alhali jirgin gaba ɗaya ya bar Kano tuntuni. Tambaya ta farko ita ce ko mutum yana riƙe matsayinsa a cikin tsaransa. Ta biyu ita ce ko tsaran duka suna tafiya wani wuri.

Brent Roberts, wanda ya daɗe a Jami'ar Illinois, shi ne ya fi kowa warware wannan ƙulli. A shekarar 2000 shi da Wendy DelVecchio suka tattara bincike 152 da aka bi mutane na tsawon lokaci. Ma'aunin da suka yi amfani da shi yana tsakanin 0 da 1: in ya nuna 1 to kowa na nan a taragonsa, in ya nuna 0 to an yamutse gaba ɗaya. A ƙuruciya ya tsaya a 0.31. A shekarun jami'a ya hau 0.54, a shekara 30 ya kai 0.64, sannan tsakanin 50 da 70 ya tsaya a wajen 0.74. Wato hali yana ƙara kafuwa da shekaru, amma filastar ba ta bushe a 30 kamar yadda James ya ce, kuma ko a 70 da sauran danshi.

In aka ja zaren ya yi tsawo sosai, abin mamaki ake gani. A 1950 malaman makaranta a Sikotland sun auna ɗalibai 1,208 'yan shekara 14 a kan halaye shida, irin su dagewa da yarda da kai da natsuwa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka nemo waɗanda suka rage, 174 suka yarda a sake auna su suna da shekara 77. Aka ɗora tsohon awo a kan sabo, kusan babu wata alaƙa tsakanin yaron da tsohon. Ni dai ba na ɗora nauyi mai yawa a kan wannan sakamako, domin na farkon ra'ayin malami ne a kan ɗalibi, na biyun kuma na mutumin kansa ne da wani makusancinsa, kuma duk wanda ya yi makaranta ya san malami kan yi wa yaro mummunar fahimta. Wani binciken a Amurka, wanda ya auna mutum 1,795 suna 'yan sakandare a 1960 ya sake auna su bayan shekara 50 da tambayoyi iri ɗaya, ya samu alaƙa, amma 'yar kaɗan. Ana gane mutum, sai dai kamar yadda ake gane tsoho a hoton samartakarsa, sai an ƙura ido.

Tambaya ta biyu ta fi daɗin ji. A 2006 Roberts da abokan aikinsa suka haɗa bincike 92 don ganin inda jirgin ya nufa. Suka tarar mutane, a dunƙule, suna ƙara tsari da riƙon alkawari, suna ƙara natsuwar zuciya, suna ƙara iya tsayawa a gaban jama'a su faɗi ra'ayinsu. Sauƙin kai yana ƙaruwa daga baya, wajen tsufa, lokacin da son hayaniya da son sabon abu ke ja baya. Mafi yawan canjin kuma tsakanin shekara 20 da 40 yake faruwa, lokacin da muke cewa mutum ya fara sanin ciwon kansa. Ga wanda ya tashi yana jin ayar da ta ambaci cikar ƙarfin mutum da kai wa shekara 40, wannan ba baƙon labari ba ne.

To me ke tura jirgin? A nan ne maganar Gwaggo ta shigo. McCrae da Costa sun ce girma ne kawai na halitta, kamar fitowar gemu, ba ruwansa da abin da ya sami mutum. Roberts ya ce nauyi ne: idan mutum ya ɗauki wani matsayi da jama'a ke sa ran ya yi abu kaza, ana yaba masa in ya yi ana tsawata masa in ya ƙi, a hankali abin da yake yi don dole sai ya zame masa jiki. Wiebke Bleidorn da tawagarta sun gwada ra'ayoyin biyu a 2013 da bayanan matasa sama da 880,000 daga ƙasashe 62. Sun ga natsuwar tana zuwa kusan ko'ina, wanda ya ba ɓangaren halitta maki. Amma sun ga tana zuwa da wuri a ƙasashen da matasa ke fara aiki da wuri. Lokacin fara aiki ya fi lokacin aure da haihuwa bayyana bambancin.

Haka aka gani a Jamus, inda ake bin dubban gidaje kowace shekara tun 1984. Jule Specht da abokan aikinta sun duba mutum sama da 14,000 daga cikinsu a 2011: waɗanda suka kama aikinsu na farko sun ƙara tsari da himma, waɗanda suka yi ritaya kuma abin ya ɗan sassauta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aiki yana faɗa maka ƙarara abin da ake so: ka buɗe shago ƙarfe bakwai, ka kawo ciniki daidai, kada ka ɗaga wa mai saye murya. In ka saɓa, a ranar za ka gani. Duk wanda ya yi yaron shago a kasuwa ƙarƙashin ubangida mai tsanani ya san wannan makaranta.

Aure fa? Hujjar ta rabu. Franz Neyer da Jens Asendorpf sun bi matasan Jamus kusan 500 na shekara huɗu, suka ga waɗanda suka samu abokin zama na dindindin karo na farko damuwarsu da jin nauyin mutane sun ragu, sun ƙara yarda da kansu. Wannan maki ne ga Gwaggo. Sai dai binciken nan ya nuna tasirin hali a kan zamantakewa ya fi tasirin zamantakewa a kan hali ƙarfi nesa ba kusa ba. A Amurka Justin Lavner da abokan aikinsa sun bi sababbin ma'aurata 169 a watanni 18 na farko. Angwaye sun ƙara tsari, amare damuwarsu ta ragu, amma miji da mata duka sauƙin kansu ya ragu. Duk wanda ya ga yadda ladabin zance ke bajewa bayan an gama cin kazar amarci ba zai yi mamaki ba. Haihuwa ma, wadda kowa ke rantsuwa tana mayar da yaro babba, da aka auna iyaye kafin da bayan ɗan fari a Ostireliya da Jamus ba a ga wata natsuwa ta musamman da ta ƙara musu a kan tsaransu marasa 'ya'ya ba. Mai jego da ba ta samu barcin kirki ba wata uku, ina ta ga sararin ƙara tsari?

Binciken da ya fi tsaya mini a rai tsoho ne. A tsakiyar shekarun 1930 E. Lowell Kelly ya tara samari 300 da 'yan matan da za su aura, ya sa mutanen da suka san su suka siffanta halayensu. Aka ci gaba da bin su har wajen 1980. Da aka zo duba waɗanda aurensu ya mutu da waɗanda suka zauna cikin ƙunci, abubuwan da suka fi hasashen haka su ne saurin damuwa da tashin hankali na mijin, irin wannan na matar, da kuma gazawar mijin wajen kame kansa. Abin da maƙwabta da abokai suka gani tun kafin a ɗaura aure, shi ya yi ta aiki shekara 45.

Shi ya sa nake ganin maganin Gwaggo yana da haɗari, ko da yake da kyakkyawar niyya take ba da shi. Idan aka ɗauki saurayin da ba ya iya kame kansa aka haɗa shi da yarinya don ya gyaru, an mayar da 'yar mutane asibiti ba tare da an tambaye ta ba. In ya gyaru a ce aure ya yi albarka, in bai gyaru ba a ce ba ta iya zama da miji ba. Tsohuwar al'adar binciken asali da hali kafin a karɓi sadaki, wadda yanzu ake yi sama-sama, ta fi kusa da abin da Kelly ya gano fiye da wannan gaggawa.

Ta fuskar jin daɗin rayuwa ma, ɗaurin auren kansa bai kai yadda ake zato ba. Richard Lucas da abokan aikinsa sun duba bayanan Jamusawa kimanin 24,000 na shekara 15. Gamsuwa da rayuwa tana ɗan hawa gab da aure da kuma bayansa, sannan a dunƙule ta koma inda take cikin 'yan shekaru kaɗan. A dunƙule na ce, domin a ƙarƙashin wannan matsakaici akwai waɗanda suka hau suka zauna a sama, akwai waɗanda suka faɗo ƙasa da inda suka fara. Mutuwar miji ko mata kuwa tana ɗaukar wajen shekara 7 zuwa 8 kafin mutum ya kusa komawa daidai. Rasa aiki yana barin tabon da ko an samu wani aikin ba ya gogewa duka.

Abin da ke da nauyi shi ne ingancin zaman. A 1938 aka fara bin ɗalibai maza 268 na Harvard, cikinsu har da John F. Kennedy, wanda ya zama shugaban Amurka, daga baya aka haɗa da yara 456 daga unguwannin talakawan Boston. Ana auna jininsu, ana duba takardun asibitinsu, ana hira da su da matansu, shugabannin binciken suna tsufa suna miƙa wa na baya, daga George Vaillant zuwa Robert Waldinger. Da suka waiwaya don ganin me a shekara 50 ya fi nuna wanda zai kai 80 da lafiya da kwanciyar hankali, gamsuwar mutum da zamansa da makusantansa ta fi yawan kitsen jininsa iya hasashe. Vaillant ya kuma nuna shaye-shayen giya ne babban abin da ya fi kashe auren mutanen Harvard ɗin. Jimillar waɗanda aka bi mutum 724 ne, duka maza, duka fararen fata, kuma ba a iya rantsuwa cewa zaman lafiyar ne ya kawo lafiyar jikin, tunda mai lafiya ma ya fi sauƙin zama. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad ta haɗa bincike 148 da suka ƙunshi mutum sama da 300,000, ta ga masu ƙarfin zumunci sun fi waɗanda ke kaɗaice damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su.

Akwai wani abu da tsofaffi ke yi wanda mu kan ɗauka rauni ne. Abokansu suna raguwa, ba sa son sabuwar hulɗa, kullum mutum uku ko huɗu ɗin nan ne a dakalin ƙofar gida bayan la'asar. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta ce zaɓi ne. Ta raba wa mutum 184, daga ɗan 18 zuwa ɗan 94, wata 'yar na'ura mai ƙara sau biyar a rana har mako guda, duk lokacin da ta yi ƙara su rubuta abin da ke ransu. Ɓacin rai ya yi ta raguwa da shekaru har wajen 60, farin ciki kuma bai ragu ba. Bayaninta shi ne, wanda yake ganin gaba da nisa yana tara mutane da ilimi don gobe, wanda ya ga lokaci ya ƙure kuma sai ya tattara hankalinsa kan waɗanda yake ƙauna. Hujjar da ta fi burge ni daga Hong Kong ta zo. Ana saura wata biyu Birtaniya ta miƙa yankin ga Sin a 1997, lokacin da kowa ke jin wani zamani na ƙarewa, matasa ma suka koma zaɓen zama da makusanta kamar tsofaffi. Bayan shekara guda, da hankali ya kwanta, suka koma halinsu na son sababbin fuskoki. Ashe lissafin sauran kwana ne ke aiki, ba furfura ba.

Saura tambayar da ta fi shafar mai karatu: mutum zai iya canza halinsa da gangan? Imam Ghazali ya amsa tun ƙarni na 11, cewa da hali ba ya karɓar canji da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Awon zamani ya bi bayansa. A 2017 aka tattara bincike 207 na mutanen da suka yi jinyar damuwa ta hanyar zama da ƙwararru ko shan magani, aka ga cikin kimanin makonni 24 natsuwar zuciyarsu ta ƙaru sosai, kuma canjin ya ɗore bayan an gama. A Suwizalan an gwada wata manhajar waya a kan mutum sama da 1,500 na wata uku, tana ba su ƙananan ayyuka na kullum daidai da halin da suke son gyarawa. Sun ce sun canza, 'yan'uwa da abokansu ma sun lura, ko da yake abin da na waje suka gani bai kai wanda su suka ji a jikinsu ba. Nathan Hudson kuma ya gano cewa buri kaɗai ba ya motsa komai. Ɗaliban da suka ɗauki alkawarin ƙaramin aiki, kamar gaida baƙo ko shirya kayan gobe tun dare, suka kuma cika, su ne suka canza. Masu ɗauka su ƙi cikawa wasunsu baya ma suka ci.

Dole a yi hattara wajen ɗauko wannan duka a sauke a Kano ko Damagaram. Wani ƙidaya da aka yi a 2008 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Da Michael Gurven ya kai tambayoyin gida biyar ɗin nan wurin mutanen Tsimane a dajin Bolibiya, gidajen ba su fito biyar ba, biyu suka fito, ɗaya na kyautata wa jama'a ɗaya na ƙwazon aiki. Bahaushe ma da nasa ma'aunin. Anthony Kirk-Greene, a laccar da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafo gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Dubi kunya kawai. A takardar tambayoyin Amurka, wanda ke sunkuyar da kai gaban manya yana iya fitowa a matsayin mai tsoron mutane, a nan kuwa shi ne ɗan da aka haifa. Kuma auren da aka auna a Jamus yawanci na mutum biyu ne a gidansu su kaɗai. Ba a auna gidan da akwai uwar miji da kishiya da ƙannen miji a tsakar gida ɗaya ba.

Ɗan baffan nawa yanzu shekararsa 35. Ba a yi masa auren a lokacin ba, don gidan yarinyar sun yi bincike sun ce a dakata. Wani maƙwabci mai sayar da kayan gyaran babura ne ya ɗauke shi, mutum mai faɗa wanda ba ya karɓar uzuri, ya yi shekara huɗu a hannunsa kafin ya sallame shi da jari. Daga baya ya yi aure, 'ya'yansa biyu. Ƙarfe bakwai shagonsa a buɗe yake. Har yanzu in aka taɓa shi yana tashi kamar wutar kara, sai dai yana saurin sauka, kuma a cikin 'yan'uwansa shi ne dai wanda ake bi a hankali. Gwaggo tana nan tana gaya wa kowa cewa aure ne ya gyara shi. Baffa kuwa ranar sunan ɗansa na biyu, da ya ji shi yana yi wa mai kawo kujeru tsawa a ƙofar gida, juyowa ya yi ya kalle ni ya ce, "Ka ji mutumin naka ko?"